Wutsiyar Jirgin Malam Birki

Duk wanda ya koyi tuƙi a hannun Malam Birki, har yau in aka yi tari kusa da shi sai ƙafarsa ta nemi birki. Mutumin yana da wata tsohuwar mota mai birki biyu, ɗaya na ɗalibi ɗaya nasa, kuma tunda yake bai taɓa barin na ɗalibin ya yi aiki shi kaɗai ba. Kaza ta gifta, birki. Leda ta taso, birki. Daga nan sunan ya bi shi, ko da yake shi ya fi so a ce masa Kyaftin. Dalili kuwa, ya taɓa kai wani ɗalibinsa filin jirgi, ya tsaya a bakin shingen waya ya ga yadda ake tashi, ya dawo yana gaya wa kowa cewa ai abin ba wuya, jirgi mota ce kawai da ba a shimfiɗa mata kwalta ba.

Wata safiya sai ga shi ya shigo gida da wani dogon kwali a ka. A ciki akwai ƙaramin kwafin wani tsohon jirgi mai fiffike biyu, sama da ƙasa, irin wanda ake haɗawa da hannu a tashe shi da rimot. Kafin matarsa ta gama tambayar mene ne, ya riga ya ja keken ɗinkinta ya fitar da shi daga ɗakin da ya fi kowane ɗaki haske a gidan, ya ajiye a lungun da ke tsakanin kicin da banɗaki, ya danna wa ƙofa wani ƙaton kwaɗo. Ya ce na ɗan lokaci ne.

Ɗan lokacin nan ya yi ta tsawo. Matar tela ce mai masu kawo ɗinki da yawa, ga ta nan tana zura zare a allura da fitilar waya da rana tsaka, tana auna mata a jikin firji. Ranar da ta ɗinka wa wata hannun riga a baibai saboda duhu, ta tare shi a gaban mahaifinta, wanda ya zo gaishe su.

"Maigida, ɗakin nan aro na ba ka, ko gado ka ci?"

"Uwargida, ke ba ki san ana kafa tarihi a gidanki ba? Wata rana sai an biya kafin a leƙa ɗakin nan."

"To, ga Baba shaida. In jirginka ya tashi ya sauko lafiya, ɗaki naka ne har abada. In ya sauko gunduwa-gunduwa, na koma ɗakina a ranar."

"Na yarda! Baba, ka ji da kunnenka. Ta sa wa kanta zama a lungu."

Tsohon ya ce ya ji. Malam Birki ya shige ɗaki yana fito, zuciyarsa fes, don shi a ganinsa an riga an gama.

Fukafukai sun haɗu, farfela ta zauna, tayoyi sun tsaya. Sai aka zo wutsiya. A ƙarshen wutsiyar jirgi akwai wani ɗan faifai mai ɗagawa da sauka. In ya ɗaga, jirgi ya ɗaga hanci ya hau. In ya sauka, jirgi ya sunkuya. Wani ɗan inji mai hannu da ke can tsakiyar jirgin shi ke motsa shi idan an taɓa rimot. Abin da ya rage shi ne abin da zai haɗa injin da faifan. Kwalin ya zo da wata siririyar sanda don wannan aikin, amma Malam Birki ya dube ta ya ce tsinken sakace ce, ya zura ta a bututun ruwan gilashin motarsa da ya toshe, ta karye a ciki.

Bai damu ba. Ya tafi bencin da ke gaban shagon mai walda, inda 'yan layin ke zama, ya ɗora ƙafa ɗaya kan ɗaya, ya ce shi yanzu nazari yake a kan harkar wutsiya, abin da turawa kansu ba su gama ganewa ba.

Mai walda ƙato ne, kuma guduma ta cinye masa kunne, saboda haka ko gaisuwa da ihu yake yi. "Wane nazari! Ƙarfe! Sanda ɗaya miƙaƙƙiya daga inji zuwa wutsiya. Ka tura ta tafi, ka ja ta dawo. Ba ta da ra'ayin kanta!"

Mai gyaran keke, wani siriri da bakinsa ba ya ajiye magana, ya yi tsaki daga inda yake liƙin tiyub. "Jirgi za a yi ko ƙofar gareji? Wayar birki a cikin bututunta, ita ce magana. Tana lanƙwasa, tana bin kwana, ba ruwanta da cunkoso."

"Wayarka da ko keke ba ta tsayarwa!"

"Waldarka da ruwan sama ke warwarewa!"

Malam Birki ya ɗaga hannu kamar alƙali, ya ce duk abin da suka faɗa ya riga ya sani tun suna goye. Amma da la'asar ya zagaya ta bayan shago ya ce wa mai walda ya yanko masa sanda, kada mai keke ya ji. Mai walda ya damƙi hannunsa har ƙashi ya yi ƙara, ya ce in dai ƙarfensa ya hau sama, shi da Kyaftin sai mutuwa. In kuwa ya ji an cire shi an sa wani tarkace, to, shi ba ya son raini.

Sanda ta shiga, ta kama da kyau, sai dai ta kusa kaurin ɗan yatsa. Da ya ɗora jirgin a tebur, sai ya zauna daɓas a kan wutsiya, hanci sama, kamar kare mai jiran a jefa masa ƙashi. Malam Birki ya cusa notin taya a hancin. Bai sauko ba. Ya ƙara wani. Bai sauko ba. Ya waiga yana neman abu mai nauyi, idonsa ya faɗa kan kwaɗon ƙofa. Ya cire shi, ya naɗe da tsumma, ya tura can cikin hanci, ya liƙe da gam. Jirgi ya daidaita. Daga ranar, in zai fita sai ya ja ƙofa, ya tare ta da bayansa, ya yi ta karkaɗa makulli da ƙarfi don mai zaman lungu ta ji an kulle.

Washegari mai keke ya tare shi a bakin layi, ya miƙa masa wayar birki naɗe a jarida. "Kyaftin, na san kai mai ilimi ne, ba za ka bi maganar wancan kurman ba. Na riga na gaya wa mutane wayata ce a jirginka." Malam Birki ya san mutanen da mai keke ke nufi, wato unguwa kaf har da masu wucewa. Ya karɓa, ya sayo ɗan inji na biyu, ya zura waya a gefen sanda.

Don ya ga aikin wayar ita kaɗai, ya kwance sandar, ya ɗauko fankar falo ya kunna wa jirgin a fuska. Ya ja 'yar sandar da ke jikin rimot. Shiru. Har ya fara duba batir, sai faifan ya ɗaga a hankali, ya tsaya a rabi. Ya saki rimot, faifan ya ci gaba da zamansa a sama.

"Tunani yake yi," in ji shi, shi kaɗai. "Abu mai hankali ba ya gaggawa." Ya mai da sandar, don ta riƙa tuna wa wayar.

Ana cikin haka sai ga surukinsa. Tsohon tun da ya bar aiki ba shi da sana'a sai kamun kifi da ba da labarin kifin da ya tsere. Ya leƙa ta taga, ya ce, "Yaro, me ka sa a wutsiya?"

Malam Birki ya jefa tawul a kan jirgin. "Ina dai nazari, Baba."

"Daina wahalar da kanka. Irin waɗannan tsofaffin jirage da zare biyu ake jan su, ɗaya ta sama ɗaya ta ƙasa, wannan ya ja wancan ya saki. Ungo." Ya zaro zaren fatsa daga aljihu. "Wannan zaren ya riƙe kifin da ya ja kwalekwale da mutum uku a ciki. Ban taɓa ba kowa ba, ko 'ya'yan da na haifa."

"Baba, ai ni ma shi nake shirin sawa. Ka riga ni a baki ne."

Da tsohon ya tafi, Malam Birki ya zauna ya yi tagumi, ransa a jagule. In ya cire sanda, mai walda ya ɓalla shi. In ya cire waya, mai keke ya tsire shi a gari. In ya ƙi zare, ya ɓata da shaidan da ke riƙe da maganar ɗaki. Can sai ya tuna da motarsa, fuskarsa ta washe. Shekara da shekaru yana koyar da tuƙi, me ya tsare shi? Birki biyu. In biyu sun tsare mota a ƙasa, ai uku ne daidai da jirgi a sama. Ya miƙe ya buga tebur, ya ce wannan ba dole ba ce, fasaha ce, kuma shi ya ƙirƙiro ta.

Ya sayo inji na uku. Cikin jirgin ya riga ya cushe, babu wurin zama sai da ya kifa shi a kife, ya ɗaura zaren. Bai lura ba cewa inji a kife baya-baya yake ja. In sanda da waya suka ce sama, zare ya ce ƙasa. A kan tebur biyu suna rinjayar ɗaya, zaren ya miƙe ya yi tsam, faifan ya ɗaga da kyar yana karkarwa, injinan uku suna wani irin gurnani, jikin jirgin ya ɗauki ɗumi.

Daga lungu matar ta ɗaga murya. "Maigida, me ke kuka a ciki?"

"Ƙarfi ne, uwargida. Ke dai ba ki san ƙarfi ba."

Ya ari dutsen gugarta ya manne fatar jirgin, ya rufe komai ruf. Ya ce jirgin gaske ba ya yawo da hanjinsa a waje, nasa ma haka. Ta haka babu wanda zai ga abin da ke ciki, abin da ya fi kwantar masa da hankali ke nan.

Ya sa ranar tashi a filin ƙwallon makaranta, safiyar hutu. Ya zagaya unguwa da mota yana hon, yana gayyata. Matar ma ta ba da tata gudummawa: ta ɗinka masa igiyar labule mai ruwan zinare a kafaɗun farar rigarsa, har da geza. Ya dubi madubi, ya ji tausayinta ya kama shi, ya ce a ransa baiwar Allah ta sallama tun kafin a fara.

Fili ya cika. Tsofaffin ɗalibansa sun zo, wasu don kallo, wasu don Allah ya saka musu. Mai walda ya matso ya raɗa masa a kunne da muryar da ta kai har bakin raga, "Maganarmu tana nan?" Malam Birki ya gyaɗa kai. Mai keke ya kashe masa ido daga hagu, ya mayar masa. Baba ya dafa kafaɗarsa ya ce, "Kada ka ji tsoro, ba ya tsinkewa." Malam Birki ya rusuna. Matar ta shimfiɗa gyalenta a kan wani benci a gindin tankin ruwan makaranta, inda akwai inuwa, ta zauna.

Malam Birki ya yi jawabi. Ya yi bayanin iska, ya yi bayanin sama, ya ce wanda bai gane ba kada ya damu, ba kowa aka halitta don ganewa ba. Sannan ya tura wuta.

Jirgi ya fara gudu. Ya yi gudu, ya ƙara gudu, ya wuce tsakiyar fili, ya doshi raga yana tsalle-tsalle da nauyin ƙarfe da noti da kwaɗo. Mutane suka fara darewa. Malam Birki ya ja sandar rimot har ƙarshe yana salati a ciki, sai abin ya yunƙura, ya shafi ragar gola da taya, ya hau.

Aka sa ihu. Shi kansa sai da ƙwalla ta cika masa ido, don gaskiya bai zaci abin zai yi kyau haka ba, fukafukai biyu suna walƙiya a rana.

"Kun ga aikin ƙarfe!" Mai walda ya daki ƙirji. "Sandata ce a ciki!"

"Sandarka a ina? Wayata ce! Kyaftin, gaya masa!"

Baba ya yi murmushin manya. "Yara, ku bar musu. Zarena ne. Ku tambayi surukina."

Duk suka juyo gare shi. Malam Birki ya ƙura wa sama ido, ya ce matuƙi ba ya magana a bakin aiki.

A can sama kuwa iska ta shiga maganar. Ta danna faifan, ta goyi bayan zare, sai biyu da ɗaya ya koma biyu da biyu. Jirgi ya sunkuya. Malam Birki ya ja, sanda ta ci, ya ɗaga. Ya saki, waya ba ta ji labarin an saki ba, ya ci gaba da hawa har ya tsaya a tsaye. Zare ya fizgo shi, ya rikito. Haka ya yi ta yi, sama, ƙasa, sama, ƙasa, sak ɗan koyo ranar farko da kuloci. Wata tsohuwar ɗalibarsa ta ɗaga murya daga cikin taro, "Malam, a hankali ake sakin ƙafa! Kai ka koya mana!" Fili ya kwashe da dariya.

"Salo ne!" ya ce, gumi na bin igiyar labule. "Wannan salon sai manyan matuƙa!"

Salon ya sauko ya bi ta kan mutane. Aka kwanta rub da ciki. Hular wani ta tafi da farfela. Mai sayar da ruwan sanyi ya yar da bokiti ya shige ƙarƙashin benci.

"Yanzu na gane," in ji mai walda daga ƙasa. "Wannan rawar ta waya ce. Ƙarfe ba ya haka."

"Ɗazu ka ce sandarka ce!" in ji mai keke.

"Na ce ina zato!"

"Ni dai zarena kifi ya sani," in ji Baba yana kakkaɓe gwiwa. "Ban ce a kai shi sama ba."

Jirgi ya juyo ya doshi tankin ruwa, wanda ke can bisa dogayen ƙafafun ƙarfe. Malam Birki ya ja, ya tura, ya girgiza rimot. Da ya ga abin ya zo gadan-gadan, jikinsa ya koma ga abin da ya sani: ya ɗaga ƙafar dama ya taka birki da iya ƙarfinsa. Birkin da ya samu kuwa ɗan yatsan mai walda ne a cikin silifa. Ihun mai walda da ƙarar jirgi suka tashi tare. Jirgin ya cusa hanci tsakanin tanki da tsaninsa, ya maƙale, wutsiya na reto a waje.

Fili ya yi tsit. Malam Birki ya sauke rimot. A zuci ya hango ɗakin nan mai faffaɗar taga, da teburinsa, da kwalaben gam a jere, ya ji kamar ya fashe da kuka. Amma bakinsa bai taɓa jiran zuciyarsa ba. Ya gyara kafaɗa, ya tako har gindin tanki inda matarsa ke zaune.

"Jama'a ku shaida! Baba, ka tuna sharaɗi. An ce in ya sauko gunduwa-gunduwa. Ya sauko? Bai sauko ba! Yana sama har yanzu. Hasali ma babu jirgin da ya taɓa daɗewa a sama kamar yadda wannan zai daɗe."

Baba ya sosa gemu, ya ce maganar tana da ɗan ƙamshin gaskiya.

A cikin shirun nan kowa ya ji gurnani daga sama. Injinan uku ba su san an gama tafiya ba, suna can suna ta kokawarsu. Aka ji ƙas, aka ji ƙarararas. Wutsiya ta ɓalle, ta yi juyi biyu a iska, ta faɗo tim a gaban matar. A jikinta ga guntun sandar ƙarfe, ga wayar birki da bututunta, ga zaren fatsa ya nannaɗe su duka.

Mutum uku suka sunkuya a kanta.

"Waya? Ka haɗa ƙarfena da wayar wannan?" Mai walda yana tsaye da ƙafa ɗaya.

"Ashe ni kishiyar sanda ka mai da ni!" in ji mai keke.

"Yaro," in ji Baba a hankali, "zaren da na hana 'ya'yana?"

"Tsari ne," in ji Malam Birki yana ja da baya. "Uku a ɗaya. In ɗaya ya gaza..."

"Uku suka gaza!" wani ya faɗa daga baya, dariya ta sake ɓarkewa.

Matar ta ɗauki wutsiyar da yatsu biyu, ta juya ta, ta miƙa wa mahaifinta. "Baba, wannan dai ta sauko."

"Wutsiya ce kawai!" Malam Birki ya zaro makulli daga aljihu, ya ɗaga shi sama yana karkaɗawa don kowa ya gani. "Sauran jirgi yana sama, makulli yana hannuna. Ba mai shiga ɗakin nan sai hanci ya sauko!"

Ta miƙe, ta kakkaɓe gyalenta, ta yafa. Ta dube shi da irin kallon da take wa rigar da aka kawo gyara.

"Riƙe makullinka, Kyaftin. Kwaɗon yana cikin hancin, can sama. Tun ranar da ka cire shi iska ke buɗe min ƙofar, ni nake ja maka ita."

Ta juya ta nufi gida. Ta ɗan yi nisa, sai ta waigo.

"In kun gama, ka taho da mai walda ku ɗaga min keke. Ka cire rigar nan kafin ka ɗauka, igiyar ta labulen ɗakina ce."